Babi na Bakwai: Fassarar Tsofaffin Kalmomi, Nazarin Aikatau na Ingilishi "Reave"

7.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da mai fassara yake cin karo da su akwai ta tsofaffin kalmomi, wato kalmomin da masu harshe suka daina amfani da su a maganar yau da kullum, amma suka wanzu a cikin littattafan tarihi da na adabi. Ƙamus yakan kawo ma'anar irin waɗannan kalmomi a taƙaice, sai mai fassara ya ɗauka cewa aiki ya ƙare. Alhali kuwa tsohuwar kalma takan zo da abubuwa uku a tare: ma'anarta, da zamanin da ta fito, da kuma irin kallon da marubuci yake yi wa abin da yake ba da labarinsa. Wanda ya fassara na farko ya bar sauran biyun, ya yi rabin aiki ne kawai.

Wannan babi ya ɗauki kalma guda ta Ingilishi, wato aikatau "reave", domin ta zama abin gwaji. Kalma ce da ba kasafai ake jin ta ba ko a bakin Turawan Ingila, kuma ma'anarta ta shafi kai hari da kwashe dukiyar mutane da ƙarfi. An zaɓe ta ne saboda Hausa tana da kalmomi masu yawa a wannan fage, kuma kowace ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da nata hukunci a kan wanda ya aikata aikin.

7.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bayyana ma'anar kalmar da furucinta da yadda take shiga cikin jumla;
(b) kawo asalinta da kalmomin da suka haɗa tushe da ita;
(c) bambance kalmomin Hausa da suke kusa da ita a ma'ana;
(d) zaɓen fassarar da ta dace da muhallin da kalmar ta fito;
(e) tsara yadda zai koyar da tsohuwar kalma a aji.

7.2 Ma'ana da Furuci

Ma'anar "reave" ita ce a kai hari a kan wasu mutane a kwashe musu dukiya da ƙarfi, ko kuma a raba mutum da abin da ya mallaka ta hanyar fin ƙarfi. Abubuwa uku ne suka haɗu a cikin wannan ma'ana. Na farko, akwai amfani da ƙarfi a fili, saboda haka ta bambanta da satar ɓoye. Na biyu, akwai ɗauke abin a tafi da shi, saboda haka ta bambanta da ɓarna ko ƙone-ƙone. Na uku, galibi ƙungiya ce take tasowa daga wani wuri ta auka wa wani, sa'an nan ta koma inda ta fito. Ƙamusoshin Ingilishi na zamani suna yi wa kalmar alamar cewa tsohuwa ce, ko kuma ta adabi.

Ta fuskar furuci, kalmar gaɓa ɗaya ce. Tana da dogon wasali irin na kalmar Hausa "riga", kuma tana ƙarewa da sautin /v/, wanda babu shi a tsarin sautin Hausa. Saboda haka ɗalibi Bahaushe yakan maye gurbinsa da /b/ ko /f/. Idan ya sa /f/, kalmar ta koma "reef", wato duwatsun da suke ƙarƙashin ruwan teku. Idan kuma ya sa /b/ ya gajarta wasalin, ta koma "rib", wato haƙarƙari. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai cewa ana furta /v/ ne ta hanyar ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa tare da kaɗawar tantanin maƙwallato.

Akwai kalmomi biyu da ake yawan rikita ta da su. Ta farko ita ce "reeve", wadda furucinsu ɗaya ne, amma ita sunan wani jami'in hukuma ne a tsohuwar Ingila, kuma daga gare ta ne kalmar "sheriff" ta samu. Ta biyu ita ce "rive", mai ma'anar tsaga ko farka abu. Amma rubutun "reive" kalma ɗaya ce da "reave". Haka ake rubuta ta a karin harshen Sikotilan da arewacin Ingila.

7.3 Nahawun Kalmar

Kalmar tana da siga biyu a shuɗaɗɗen lokaci, wato "reaved" da "reft". Siga ta biyu ta bi tsarin da ake gani a "leave" da "left", inda wasali yake gajarta, sautin /v/ kuma ya koma /f/ a gaban /t/. Ɗalibin da ya ga "reft" a cikin matani, ya je ƙamus bai san cewa a ƙarƙashin "reave" zai neme ta ba, zai iya ɓata lokaci mai yawa.

A cikin jumla, aikatau ɗin yana zuwa a sigogi huɗu. Ga misalan da aka tsara domin wannan darasi:

(1) The men of the valley rode out to reave.
Mazajen kwarin sun hau dawaki sun fita hari.

(2) They reaved forty cattle before dawn.
Sun kore shanu 40 kafin gari ya waye.

(3) The horsemen reft the old man of his herd.
Mahayan sun raba tsohon da garkensa.

(4) The horses were reft from their owners.
An ƙwace dawakin daga hannun masu su.

A misali na (1) aikatau ɗin ƙi-karɓau ne, domin ba a ambaci abin da aka ɗauka ba. A na (2) so-karɓau ne, kuma karɓau ɗin shi ne dukiyar da aka kwashe. A na (3) karɓau ɗin shi ne mutumin da aka cuta, dukiyar kuma ta biyo bayan kalmar "of". A na (4) dukiyar ce aka gabatar, wanda aka cuta kuma ya biyo bayan "from". Abin lura a nan shi ne, kalmar Ingilishi ɗaya ta buƙaci kalmomin Hausa huɗu: fita hari, da korewa, da rabawa, da ƙwacewa.

Idan aka yi wa kalmar ɗafa-ƙeya na "-er" sai a sami "reaver" ko "reiver", wato mai aikata wannan aiki. Hausa tana yin irin wannan ƙira da ɗafa-goshin "ma-", kamar yadda "hari" ya ba da "mahari", jam'i "mahara".

7.4 Asalin Kalmar da Danginta

A tsohon Ingilishi, wanda aka yi amfani da shi tun daga wajejen ƙarni na 5 har zuwa ƙarni na 11, kalmar ita ce "reafian". Tana da alaƙa da sunan nan "reaf", wanda yake da ma'ana biyu: kayan da aka kwaso a yaƙi, da kuma tufafi. Dalilin haɗuwar ma'anonin shi ne, a zamanin da ake saƙa da hannu tufa dukiya ce mai daraja, kuma tana cikin abin da ake fara tuɓe wa wanda aka ci da yaƙi. Wannan tushe yana nan a sauran harsunan da suke dangi ɗaya da Ingilishi: Jamusanci yana da "rauben", harshen Holan kuma yana da "roven", duk da ma'anar fashi.

Faransanci ya ari wannan tushe daga harsunan Jamusawa tun da daɗewa. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Ingilishi, sai tushen ya komo gida da sabuwar kama. Ta haka aka sami "rob", wato yi wa mutum fashi, a wajejen shekarar 1200, da kuma "robe", wato doguwar riga. Ke nan "reave" da "rob" da "robe" 'yan gida ɗaya ne.

Daga baya wasu kalmomin suka shigo suka yi wa "reave" kishiya. "Ransack" ta zo daga harshen tsofaffin mutanen arewacin Turai, asalin ma'anarta kuwa binciken gida. "Pillage" ta zo daga Faransanci a ƙarni na 14. "Plunder" ta zo daga Jamusanci a cikin shekarun 1630, lokacin Yaƙin Shekara Talatin na Turai wanda aka yi daga 1618 zuwa 1648. "Loot" kuwa daga harshen Hindi take, Turawa suka ɗauko ta a Indiya a ƙarshen ƙarni na 18. Da waɗannan suka raba aikin a tsakaninsu, sai tsohuwar kalmar ta ja da baya, ta maƙale a arewacin Ingila da Sikotilan da kuma cikin waƙoƙi.

Duk da haka ta bar baya. Da aka yi mata ɗafa-goshin "be-" an sami "bereave", wadda ake amfani da ita har yau. Ita ma tana da siga biyu, kuma kowace ta kama hanyarta. "Bereaved" ta keɓanta ga wanda aka yi wa rasuwa, "bereft" kuma ga wanda ya rasa wani abu kamar fata ko abokai ko dabara:

(5) The bereaved family received visitors for three days.
Iyalan mamacin sun yi kwana 3 suna karɓar gaisuwa.

(6) He came home bereft of hope.
Ya komo gida ya yanke ƙauna.

Wato a can ƙarƙashin kalmar da Bature yake ta'aziyya da ita akwai hoton mahari: mutuwa ta auko ta ɗauke wani ta tafi da shi. Irin wannan yanayi, inda uwa take ɓacewa 'ya ta wanzu, sananne ne a Hausa. Kalmar "wuri", wato ƙwayar kuɗin da ake ciniki da su a da, ta kusa ɓacewa sai a cikin karin magana da salon magana, amma jam'inta "kuɗi" yana bakin kowa.

7.5 Maharan Kan Iyakar Ingila da Sikotilan

Ba za a fahimci nauyin wannan kalma ba sai an san mutanen da aka fi danganta ta da su. Iyakar da ta raba Ingila da Sikotilan tana da tsawon kimanin mil 96, kuma yawancinta tuddai ne da makiyaya. Tun daga shekarar 1296, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, rundunoni suka riƙa ratsa yankin suna ƙone amfanin gona. Mutumin da ba shi da tabbacin zai girbe abin da ya shuka, sai ya koma ga dabba, domin ita ana iya gudu da ita. Amma abin da ake iya gudu da shi ana iya kore shi. A haka hari ya zama sana'a ga zuriyoyi da dama, irin su Armstrong da Elliot da Graham da Kerr da Scott, har tsawon shekara 300. Su ne ake kira "Border Reivers".

Waɗannan mahara sukan fita da dare a kan ƙananan dawaki masu juriya, da māsu a hannu da kwalkwalin ƙarfe a ka. An fi kai hari daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, lokacin da dare yake da tsawo, shanu kuma suna da ƙiba. Biyayyarsu ga dangi take kafin sarki, saboda haka ɗan Ingila yakan hari ɗan Ingila, ɗan Sikotilan ya hari ɗan Sikotilan. Masu hali suka riƙa gina gidajen dutse masu kaurin bango, dabbobi a ƙasa, mutane a bene.

Ƙasashen biyu sun yi ƙoƙarin shawo kan lamarin. An rubuta dokokin kan iyaka tun a shekarar 1249. An kasa yankin kashi shida, uku a kowane ɓangare, kowane kashi da jami'in da yake kula da shi, kuma jami'an sukan sa ranar sulhu su haɗu su saurari ƙararraki. Doka ta ba wanda aka kore wa shanu izinin bin sawu har ya ƙetare iyaka a cikin kwana 6, da sharaɗin ya tafi a fili, yana ɗauke da wuta a tsinin mashi domin kowa ya san abin da ya fito yi. Wanda ba shi da ƙarfin bin sawu kuwa, sai ya riƙa biyan maharan kuɗi ko hatsi ko dabba domin su ƙyale shi. Wannan biya shi ne asalin kalmar "blackmail", wadda ta bayyana a ƙarni na 16. A karin harshen yankin, "mail" tana nufin kuɗin haya ko haraji.

A shekarar 1525 babban limamin cocin Gilasgo, Gavin Dunbar, ya fitar da doguwar takardar la'ana a kan maharan, aka karanta ta a majami'un yankin. A 1530 Sarki Jemis na V na Sikotilan ya sa aka rataye shahararren mahari Johnnie Armstrong tare da mutanensa. Duk wannan bai kawo ƙarshen abin ba. Sai a shekarar 1603, da Sarauniya Ilizabet ta I ta rasu, Sarki Jemis na VI na Sikotilan ya gaji gadon sarautar Ingila, ƙasashen biyu suka koma ƙarƙashin sarki ɗaya. Daga nan mahari ya rasa iyakar da zai ƙetare ya tsira. Aka rataye wasu, aka rushe gidajen wasu, a 1606 kuma aka kwashe iyalai da yawa na zuriyar Graham aka kai su ƙasar Ayalan. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

7.6 Kalmar a Hannun Marubuta

Bayan kusan shekara 200 da ƙarewar hare-haren, marubucin nan Walter Scott, wanda ya rayu daga 1771 zuwa 1832, ya tattara tsofaffin waƙoƙin baka na yankin ya buga su a 1802 da 1803. Waƙoƙin da littattafansa na ƙagaggun labarai sun farfaɗo da kalmar "reiver", amma sun sa mata rigar jarunta. Mai karatun Ingilishi na yau idan ya ji ta, abin da yake fara zuwa masa shi ne jarumi a kan doki cikin farin wata, ba talakan da ya wayi gari turkensa babu komai ba. Littafin tarihi na George MacDonald Fraser mai suna "The Steel Bonnets", wanda ya fito a 1971, yana cikin ayyukan da suka nuna munin rayuwar da ke bayan waccan riga.

Marubucin Amurka William Faulkner ya sa wa littafinsa na ƙarshe suna "The Reivers" a 1962. Labarin wani yaro ne da wasu manya biyu da suka ɗauki motar kakansa ba da izini ba suka yi tafiya da ita. A nan raha ce ta sa aka ɗora babbar kalma a kan ƙaramin laifi. A zamanin yanzu kuma an fi cin karo da kalmar a ƙagaggun labaran jarunta da wasannin kwamfuta, inda ake amfani da ita domin a sa mai karatu ya ji kamar yana wani zamani mai nisa.

7.7 Kalmomin Hausa da Suke Kusa da Ita

Kafin mai fassara ya zaɓi kalma, dole ya san iyakar kowace ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) Sata: ɗaukar kayan wani a ɓoye. Ba ta da ma'anar fito-na-fito.
(b) Ƙwace: karɓe abu daga hannun mai shi da ƙarfi, yana ji yana gani. Mutum ɗaya ma yana iya yi.
(c) Fashi: tare hanya ko shiga gida da makami. Kalma ce mai yanke hukunci, domin ɗan fashi mai laifi ne a idon kowa.
(d) Wasoso ko wawaso: rububin jama'a a kan kayan da suka rasa mai tsaro. Babu shiri ko shugabanci a ciki.
(e) Wawashewa da kwashewa: ɗauke abu gaba ɗaya ba a bar komai ba. Wasalin ƙarshe na "-e" a aikatau irin su "kwashe" da "washe" yana nuna cikar aiki, ninkin da ke cikin "wawashe" kuma yana nuna yawan masu aikin ko maimaituwarsa.
(f) Samame: auka wa mutane ba zato. A Hausar yau an fi jin ta a aikin jami'an tsaro.
(g) Hari: fitar ƙungiya da makamai zuwa wani gari ko ruga domin a kwaso dukiya ko mutane a komo.
(h) Ganima: dukiyar da aka samu daga abokan gaba a yaƙi.

Idan aka auna waɗannan da abubuwa ukun da aka ambata a sashe na 7.2, za a ga cewa "hari" ce ta fi kusa. Tana da ƙarfi a fili, tana da ɗauka a tafi, tana da ƙungiya. Kuma kalma ce da ta san irin wannan rayuwa a tarihin ƙasar Hausa, domin a ƙarni na 19 mayaƙan Maraɗi sun riƙa kai hare-hare a ƙasar Katsina, Ningawa kuma a kudancin Kano da sassan Zazzau da Bauchi. Sai dai akwai bambanci: waɗannan hare-hare a ƙarƙashin sarakuna ake yin su, kuma kama bayi yana cikin manyan manufofinsu, su kuwa maharan kan iyakar Ingila dangi ne suke fita don kansu, kuma dabbobi suka fi nema.

7.8 Zaɓen Kalma Hukunci Ne

Kalmar da ta fi buƙatar taka-tsantsan ita ce "ganima". Daga Larabci aka aro ta, kuma a fiƙihu tana nufin dukiyar da aka samu a yaƙin da shari'a ta amince da shi, wadda take da ƙa'idar rabo, har da fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, kamar yadda ya zo a aya ta 41 ta Suratul Anfal. Ko da yake a Hausar yau "kwasar ganima" ta faɗaɗa har ana faɗinta ga masu fasa kantuna lokacin tarzoma, har yanzu kalmar "ganima" ita kaɗai tana da ƙamshin halacci. Mai fassarar da ya rubuta cewa zuriyar Armstrong "sun samo ganima" ya wanke su ke nan, alhali maƙwabtansu suka kore wa shanu ba a fagen yaƙi ba. Wanda kuma ya rubuta "'yan fashi" a ko'ina ya yanke musu hukuncin da wataƙila marubucin asali bai yanke ba.

Abin da zai raba gardama shi ne tambayar nan: wa yake magana a cikin matanin? Idan mahari ne yake kirari, "ganima" ta dace, domin haka yake kallon abin da ya kwaso. Idan wanda aka cuta ne yake kai ƙara, "fashi" ko "ƙwace" ta dace. Idan masanin tarihi ne yake ba da labari ba tare da ɗaukar ɓangare ba, "hari" da "mahara" sun fi dacewa. A sunan littafin Faulkner kuwa, "Mahara" zai riƙe rahar da marubucin ya nufa, amma "Ɓarayin Mota" zai kashe ta.

Akwai kuma haɗarin sauya zamani. Tun daga shekarun 2010, satar shanu da hare-haren ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna sun sa kalmomi irin su "'yan bindiga" da "ɓarayin daji" sun cika kafafen watsa labarai. Mai fassara zai iya jin sha'awar ɗora su a kan maharan ƙarni na 16, musamman da yake akwai kama, har a wajen tilasta wa ƙauyuka biyan kuɗi domin a bar su su yi noma. Yin haka zai ɗauko mai karatu daga tuddan Sikotilan ya jefa shi dajin Rugu. A ɗaya ɓangaren kuma, ya kamata mai fassara ya tuna cewa a cikin masu karanta aikinsa, har ma a cikin ɗaliban ajinsa, akwai waɗanda aka kore wa shanu ko aka tasa daga garuruwansu. Saboda haka bai dace ya ƙara wa mahari kwarjinin da babu shi a matanin asali ba.

Saura batun tsufan kalmar. "Hari" ba tsohuwar kalma ba ce a Hausa, domin kullum ana jin ta a rediyo. Tun da haka ne, sai mai fassara ya cike giɓin a wani wuri cikin jumlar, ta hanyar zaɓen kalmomin da suke tuna wa Bahaushe zamanin da, kamar barade, da kwalkwali, da sulke, da mashi, da ganuwa. Idan aka ce "barade sun yi sammako sun fita hari", mai karatu ya san ba labarin jiya ake ba shi ba.

7.9 Koyar da Tsohuwar Kalma a Aji

Kalmomin da ɗalibi yake koya iri biyu ne: waɗanda zai yi amfani da su a magana da rubutu, da waɗanda ake so ya gane su kawai idan ya gamu da su. "Reave" tana cikin kashi na biyu. Ɗalibin da ya sa ta a wasiƙar neman aiki ko a rahoton sata ga 'yan sanda, daidai yake da wanda ya je kasuwa yana tambayar farashi da wuri. Malami zai iya bin waɗannan matakai:

(a) Ya gabatar da kalmar a cikin jumla, ya bar ɗalibai su yi hasashen ma'anarta daga muhalli.
(b) Ya haɗa ta da kalmar da suka riga suka sani, kamar "rob" ko "bereaved".
(c) Ya ba da taƙaitaccen tarihin mutanen da kalmar ta shafa.
(d) Ya sa ɗalibai su jero kalmomin Hausa masu kusancin ma'ana, su yi muhawara a kan wadda ta fi dacewa.
(e) Ya bayyana musu wuraren da bai kamata a yi amfani da kalmar ba.

7.10 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa "reave" tsohon aikatau ne na Ingilishi mai ma'anar kai hari a kwashe dukiya, wanda ya haɗa tushe da "rob" da "robe", ya kuma haifi "bereave". An ga yadda wasu kalmomin aro suka ture shi, da yadda tarihin kan iyakar Ingila da Sikotilan da rubuce-rubucen Walter Scott suka raya shi. An kuma ga cewa babu kalmar Hausa guda da za ta maye gurbinsa a ko'ina. "Hari" ce ta fi kusa, amma sigar jumla da mai magana da zamanin labari su ne suke nuna ko za a ce korewa, ko ƙwacewa, ko fashi, ko ganima. Wannan hanya ta tambayar ma'ana da zamani da mai magana ita ce ɗalibi zai bi a duk lokacin da ya gamu da wata tsohuwar kalma, ta Ingilishi ce ko ta Hausa.

7.11 Tambayoyi

1. A kawo abubuwa uku da suka haɗu a cikin ma'anar "reave", a nuna yadda suka bambanta ta da sata.
2. A bayyana dangantakar da ke tsakanin "reave" da "rob" da "robe".
3. Mene ne bambancin "bereaved" da "bereft"? A kawo fassarar kowace a cikin jumlar Hausa.
4. Me ya sa shekarar 1603 ta kawo ƙarshen sana'ar maharan kan iyaka?
5. A wane muhalli ne "ganima" za ta dace a matsayin fassara, kuma a wane ne ba za ta dace ba?
6. A samo tsofaffin kalmomin Hausa 5 daga bakin dattawa, a bayyana yadda za a fassara kowace zuwa Ingilishi ba tare da an zubar da tsufanta ba.